Yadda Ake Tara Kayan Da a Zariya, da Sanin Darajar Aikin Hannu

Mafi yawan kayan tarihin Zazzau ba a gidan adana kayan tarihi suke ba. Suna ƙarƙashin gadon tsofaffi, cikin adudu da akwatin ƙarfe, ko a wani lungu na zaure da aka daɗe ba a share ba. Kullum kuma raguwa suke yi. Ɗan gwangwan ya bi layi da baro yana cigiya, a miƙo masa tasar tagulla da aka yi wa kaka jere da ita, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin nauyinta, washegari tana hanyar narkewa. Rigar saƙi da ta ci wata da watanni a hannun maɗinki kuwa, asu ya cinye ta a ƙasan akwati don ba wanda ya buɗe ya duba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa nake so matasanmu su shiga harkar tara waɗannan kaya, amma su shiga ta ƙofar da ta dace. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, wanda ya sayi tsohon kaya amana ya karɓa: ta mai kayan, ta wanda ya yi shi, da ta labarin da ke tare da shi.

Mataki na farko: tsaya a kan layi ɗaya

Kada ka ce komai tsoho kana so. Kuɗinka zai ƙare, ɗakinka ya cika, ba ka san komai a kan ko ɗaya ba. Zaɓi abu guda: ko riguna da huluna masu ɗinkin hannu, ko kayan jere irin su tasoshi da kwalla da langa da ƙwarya, ko aikin dukawa, ko tsofaffin kuɗi, ko jaridu da littattafan da aka buga a nan Zariya. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da kuɗi ko ƙwarya ko jaridu, ba su da tsada, ba sa cin wuri.

Mataki na biyu: koyi gani kafin ka fara saye

Ido ake fara horarwa, kuma Zariya makaranta ce kyauta. Fara da tsohon ginin ƙasa na babban masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. An lulluɓe shi da sabon gini daga baya, bakan gizonsa da shimfiɗar azara suka ci gaba da zama a ciki, har wani ɓangaren masallacin ya rufta a 2023. Nemi hotunansa ka dubi yadda aka yi wa ginshiƙai ado ba tare da an cika su da hayaniya ba. Daga nan ka bi unguwannin birni a ƙafa, ka lura da fuskar zaurukan da har yanzu ke da zanen dagi da sauran zanen magina. Za ka ga dagin nan da ke jikin bango shi ne a ƙirjin riga, shi ne a murfin gafaka, shi ne a gefen allon zayyana. In idonka ya saba da shi a wuri ɗaya, zai gane mai kyau da na ha'inci a sauran.

Ranar hawan Sallah ko hawan Daushe, bar kallon sukuwa na ɗan lokaci ka dubi kayan doki: sirdi, jalala, likkafa, linzami, da rigunan mahaya. A nan ne manyan gidaje ke fito da abin da suka gada.

Sannan ka nemi mai sana'a ka zauna gindinsa. Maɗinki, baduku, maƙerin fari, masassaƙi. Yini guda a rumfar tsohon maɗinki ya fi wata guda kana kallon hotuna a waya, domin shi zai kama hannunka ya ɗora a kan aikin ya ce ka ji bambanci.

Mataki na uku: san abin da ba a taɓawa

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma abin da ke da muhimmancin tarihi wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Irin waɗannan ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da takardar izini. Saboda haka mai tara kaya ya mayar da hankali kan abin da aka yi bayan wannan shekara. In ka gaji wanda ya girmi haka a gidanku, riƙe abinku, ka je gidan tarihi na Kaduna ka nemi shawara.

Duk abin da aka tono daga ƙasa, kauce masa. In wani ya zo maka da kan mutum-mutumin yumɓu ya ce na Nok ne, wato na mutanen da can da suka shahara da irin wannan aiki, ko dai jabu ne, ko kuwa satar tarihi ce daga kudancin jiharmu ta Kaduna. Haka tukwane da duwatsun da ake kwasowa daga kufai a wajen Kufena ko Turunku. Da zarar an cire abu daga inda yake kwance ba tare da masana sun auna sun rubuta ba, ilimin da ke tare da shi ya tafi, ba ya dawowa.

Mataki na huɗu: inda ake samu, da yadda ake sallama

Fara da gidanku. Tambayi gwaggo da inna abin da ke cikin adudu. Sau da yawa abin da kake nema a kasuwa yana ɗakin kakarka.

Bayan gida, sai dillalai mata masu shiga gida-gida. Su suka san wadda za ta sauya kayan ɗaki, da wadda ke son rabuwa da tsofaffin tasoshi don aurar da jika. Gaya wa dillaliya takamaiman abin da kake so, ka kuma biya ta la'adarta ba ja-in-ja, gobe kai za ta fara tunawa. Sai 'yan gwangwan: ƙulla zumunci da mai sikeli ɗaya ko biyu a Tudun Wada ko Sabon Gari, ka roƙe su su riƙa ware maka duk tasa ko shantali ko likkafar da ta shigo kafin a ɗora wa mota, ka biya sama da kuɗin kilo. Rumfunan masu tsofaffin riguna a kasuwar birni su ma wurin zuwa ne, haka kasuwannin ƙauye irin Giwa da Makarfi, inda ƙwarya da akushi da faifai ke fitowa.

Shiga gidan mutane kuwa yana da ladabi. Nemi wanda ya san gidan ya yi maka iso. Zuwan farko kada ka ambaci kuɗi. Ka gaisa, ka ce, "Baba, an ce akwai rigar marigayi Malam a wurinka, gani na zo yi in ka yarda." In ya fito da ita, to. In ya ce wata rana, ka yi godiya ka tashi.

Akwai wuri ɗaya da nake so a yi taka-tsantsan ƙwarai, wato kayan mamaci. Kafin a raba gado, rigar nan ko takobin nan ba na ɗa ɗaya ba ne, na magada ne duka, har da marayu da matan da ke cikin takaba. Za ka ga saurayi ya zo maka da kaya a buhu da magariba yana sauri, farashi kuma ƙasa-ƙasa. Kada ka karɓa. Ce masa ku je gaban babban wansu ko mai unguwa. In na halal ne ba zai ƙi ba. Garin ƙarami ne, ranar da 'yar'uwarsa ta ga tasar uwarsu a falonka, sunanka ne zai ɓaci, kuma hakki yana wuyanka.

Mataki na biyar: duba kaya da kyau

Ka riƙa yawo da ƙaramar tocila da mayen ƙarfe da tsumma mai tsabta. Dubawa kuma da rana ake yi, a fili.

In riga ce, juya ta ciki. Ɗinkin hannu a bayansa ake gane shi: zaren yana tafiya da ɗan bambanci, wani taku ya ɗara wani kaɗan, akwai wuraren da maɗinki ya ƙulla ya sake sabon zare. Na keke kuwa a miƙe yake sak, da zaren ƙasa mai bin sa ko'ina. Dubi yadin kansa. Saƙar hannu ƙyalle-ƙyalle ce siriri, faɗin 'yan yatsu, da aka jera aka haɗa gefe da gefe, don haka za ka ji layin haɗin a ƙarƙashin yatsa. Akwai yadin kamfani da ake buga wa zane ya yi kama da saƙi, amma ba shi da wannan haɗi. Zaren tsamiya na gaske, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa, launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhun madara, ba ya walƙiya, yana da ɗan kaushi. In ka ga aiki yana ƙyalli yana santsi, zaren kanti ne. Ƙirga asake, tsinin nan dogaye da ke saukowa a gaban riga, ka san ko aska biyu ce ko aska takwas. Dubi tambarin da ke ƙirji da na baya, ka ga ko da'irarsa ta zagaya daidai. Ɗaga gindin rigar ka ga shafi, a manyan rigunan da akan sa na alharini ja. Daga ƙarshe ɗaga ta sama ta fuskanci haske: hudar asu da wuraren da zare ya ruɓe nan take za su bayyana, musamman kafaɗa da wuya inda gumi ke zama. Riga irin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai masaƙi, da marini, da malamin da ya zana, da maɗinki, da mai haɗawa, da mai bugu. In ka riƙe ta, aikin unguwa guda ka riƙe.

In tasa ce ko shantali, kanga mata mayen ƙarfe. Tagulla ba ta kamawa, in ya manne to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Shafa cikin da yatsa, wadda aka ƙera da hannu za ka ji sawun guduma, zanenta kuma an buga shi ne ɗigo-ɗigo. Kwalla da langa masu fenti kuwa kifa su ake yi a karanta tambarin gindi. Na farko-farko daga waje aka riƙa kawo su, irin su Cekoslobakiya da Hon Kon, kafin a fara yin su a nan gida.

Akushi na gaske yana da sawun gizago a ciki, bakinsa ya side saboda hannu da wanki, yana ƙanshin tsohon ice da man shanu. Wanda aka tsufar da gangan da hayaƙi ko man takalmi, goga shi da farin tsumma zai bar baƙi. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke tsaguwarta kada ka raina ta, ɗinkin shaida ce cewa an so ta har aka ƙi yar da ita.

Tsofaffin kuɗi su suka fi jawo ruɗu. Anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, an fara buga irinsu tun 1907, kuma an buga su da yawan gaske. Kuɗin Tarayyar Nijeriya sun fito a 1959, naira da kwabo suka karɓe su a 1973. Suna da daɗin tarawa, a jera su shekara-shekara daga anini har sule, amma ba za su mayar da kowa attajiri ba. Azurfar nan mai hoton mace, ta Mariya Tereza, kusan duk wadda za ka gani 1780 ne a jikinta, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har tsawon zamani, saboda haka lambar ba ta nuna shekarunta. Jita-jitar cewa tsohon keken ɗinki ko dutsen guga na gawayi yana ɗauke da wani sinadari na miliyoyi, tarkon 'yan damfara ne. An farfasa kekunan Singer masu lafiya a banza saboda wannan magana.

A ɓangaren takardu Zariya ta fi kowa gado. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar samar da littattafai ta Arewa, wato NORLA, ta yi aikinta a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya biyo baya a 1966. Tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e da yawa sun bar akwatunan jaridu da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci. Duba shafin farko da na ƙarshe ka ga shekarar bugu da sunan maɗaba'a, ka ƙirga shafuka. Rubutun hannu na Larabci da ajami kuwa, shawarata ita ce kada ka raba shi da gidan malaman da suka gada. Taimaka musu su adana, a ɗauki hotonsa shafi-shafi, a sanar da masu kula da irin waɗannan takardu a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Arewa da ke Kaduna. In an ba ka ka duba, kada ka hargitsa jerin, domin warwara suke ba ɗinki. Kalmar da ke can ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake mayar da su daidai. Ɗaga ganye ɗaya ga haske, in ka ga jinjirin wata uku a cikin takardar, irin wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta hamada ce.

Mataki na shida: ciniki

Yi tayi na mutunci. In tsohuwa ba ta san darajar abinta ba, kai ka sani, gaya mata gaskiya. In ta ce albarka, ƙara ko ka haƙura. In ta sallama, a yi a gaban ɗanta ko wani shaida, a rubuta 'yar takarda.

Mataki na bakwai: rubuta labarin tun ba ka tashi ba

Wannan shi ne matakin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ran abin. Tasar da ba a san ta wa ba ce, ƙarfe ce kawai mai kyau. Sayi littafi mai kauri, kowane kaya ka ba shi lamba, ka rubuta sunansa yadda mai shi ya kira shi, daga wace unguwa, wa ya yi shi, wa ya fara mallaka, me ake yi da shi, ranar da ka karɓa da nawa ka biya. Lambar a ɗan kati za ka rubuta ka ɗaura da zare, kada ka taɓa jikin kaya da biro ko fenti.

Tsofaffi ba sa lissafi da shekarar Bature, da zamani suke yi. Ka tambaya, "Hajiya, wannan tasar ta wa ce asali?" Ta ce, "Ta Innarmu ce, da ita aka kai ta ɗaki zamanin Sarki Ja'afaru." To ka samu: Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. In ta ce shekarar zuwan Sarauniya, 1956 ke nan. Canjin hannun tuƙin mota 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Rubuta maganarta yadda ta faɗa, ka sa naka lissafin a gefe, kada ka cakuɗa su. In ta yarda, ɗauki muryarta a waya, domin a tsakiyar hira za ta ambaci sunan maƙerin ko waƙar da aka yi ranar jeren.

Mataki na takwas: adanawa

Abokan gabanka a nan su ne gara, asu, ɓera, danshin damina da bushewar hunturu. Kome ka ajiye, ɗaga shi daga ƙasa, ka kuma janye shi daga jikin bango.

Tsohuwar riga ba a wanke ta da omo, ba a rataye ta, nauyinta zai yaga kafaɗa. Kakkaɓe ta a hankali, ka shanya a inuwa, ka naɗe cikin farin yadin auduga da aka wanke. Kada ka sa a leda, gumi take yi ta kawo fumfuna. Duk bayan 'yan watanni buɗe ka sauya wurin ninki. In za ka sa kafur, ƙulle shi a tsumma a kusurwar akwati, kada ya taɓa yadi.

Tagulla kada ka dirje ta da toka ko yashi ko lemon tsami don ta yi ƙyalli. Duhun nan da ta yi shi ne shekarunta, dirza kuma tana cinye zane. Busasshen tsumma ya isa. Sai dai in ka ga kore mai gari-gari yana fitowa, ware ta a wuri busasshe ka nemi masani. Fata ba a shafa mata man gyaɗa ko manja, suna jawo ƙwari su kuma baƙanta ta. Ƙwarya da akushi a nisanta su da rana da iskar hunturu. In ka ga gari yana zuba ƙarƙashinsu, ƙwaro na ciki, fitar da su daga cikin sauran nan da nan. Takarda kuwa ba salatif, ba laminatin, ba ƙusar haɗa takardu. A kwantar da ita a fayil cikin akwati, a ɗauki hotonta don kada a riƙa yawan taɓa ta. Ka sa wa kanka ka'idar duba komai sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta.

Mataki na tara: sayi na masu rai

Mai son tsohuwar riga da ba ya iya biyan maɗinkin yau hakkinsa, bai fahimci abin da yake so ba. Har yanzu ana ɗinkin hannu a cikin birni, kuma tun shekarun 1970 mata suka shiga sana'ar sosai daga cikin gidajensu. Ba da aiki, ka biya kafin alƙalami, ka yi haƙuri da lokaci, ka kuma rubuta sunan wanda ya zana da wadda ta ɗinka a littafinka. Haka za ka yi da baduku, da mai zayyanar allo, da maginin da ya iya dagi in kana gyaran zaure.

Ka kuma leƙa Samaru. Sashen zane-zane na jami'a yana da tsohon tarihi: a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna cewa a haɗa dabarun da aka koyo da fasahar gida maimakon kwaikwayon Turai zalla. Sunayensu yau duniya ta san su. Ɗaliban da ke wurin yanzu suna baje aikinsu a ƙarshen karatu, a lokacin ne ake samun zane da tukwane da rinannen yadi a farashin da malamin makaranta zai iya. Wanda ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa yana da zaɓi mai yawa: rubutun Larabci na ado, zanen dagi, hoton ganuwa da ƙofofi. Tsaya gaban aiki ka daɗe, ka tambayi mai shi me ya yi amfani da shi, me yake nufi. Sa shi ya sa hannu da shekara a baya. In ka kai gida, kada ka rataye inda rana ke duka ko bangon da ke tsattsafo.

Mataki na goma: fito da su a gani, ka kuma tsara bayanka

Kayan da aka kulle ba mai gani, da su da babu ɗaya. Nemi izinin shugaban makarantar unguwa ko mai unguwa, ka shimfiɗa tabarma a zaure bayan Sallah, ka jera abu goma ko sha biyar da katin bayaninsu, ka gayyato tsofaffin da ka saya a wurinsu su yi wa yara bayani da bakinsu. A irin wannan zama ne wani zai gyara maka sunan da ka rubuta ba daidai ba, wani kuma ya ce akwai irinsa a gidansu. Abu mai rauni a sa shi nesa da hannu, mutum ɗaya ya tsaya a kansa.

Sannan ka nuna wa iyalinka littafin nan da inda kowane kaya yake. In kana so wani abu ya tafi gidan tarihi ko ɗakin karatu na jami'a, ko ya koma gidan da ya fito, ka bayar tun kana da rai, ko ka rubuta wasiyya gaban shaidu biyu, kana sane da cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Kwafin littafin kuma ka ɗauki hotonsa ka ajiye a wurin wani ɗan'uwa daban.